Duba gaban ido da fitilar tsaga: daga gashin ido zuwa yana

Na'urar da ma'aikatan ido ke kira silit-lam, wadda za mu kira fitilar tsaga a nan, abu biyu ne aka haɗa a kan ƙafa ɗaya. Akwai madubin ƙara girma mai ido biyu, akwai kuma fitilar da ake iya matse haskenta har ya koma siriri kamar bakin reza. Wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Allvar Gullstrand, shi ya fito da ita a 1911. Amfaninta yana cikin sirantakar hasken nan. Koniya, wato fatar nan mai kama da gilashi da ta rufe baƙin ido, haske mai faɗi wuce ta yake yi kawai. Siririn haske da aka harbo daga gefe kuwa yanka ta yake yi, sai ka ga kaurinta da kuma zurfin duk abin da ke cikinta.

Yawancin abin da ke kuɓuce wa mai dubawa, tun kafin majiyyaci ya zauna yake kuɓucewa. Don haka a fara da saiti.

Kowane ido na madubin yana da zobe mai lamba, ɓangaren ƙari da ɓangaren ragi. Soka sandar gwaji, wadda ake saita madubi da ita, a raminta, ka kunna tsaga mai matsakaicin faɗi, ka rufe idonka ɗaya. Murza zoben har ƙarshen ɓangaren ƙari, sannan ka dawo da shi a hankali. Da zarar hoton ya fito tas, ka tsaya. In ka zarce zuwa ragi, idonka ne zai riƙa yunƙurin cike gibin, kuma kafin azahar kanka ya fara sara. Yi wa ɗaya idon haka. Sannan ka matso ko ka ware idanun madubin har da'ira biyu su zama ɗaya, domin in ba su haɗu ba ido ɗaya kake gani da shi, kuma ido ɗaya ba ya gane zurfi. A asibitin da mutum uku ko huɗu ke amfani da na'ura ɗaya, kullum sai an sake wannan saitin.

Kafin majiyyaci ya ɗora haɓa, a riga an auna ƙarfin ganinsa, an kuma duba yadda ƙofar tsakiyar ido ke tsukewa da tocila. Goge wurin haɓa da maɗaurin goshi da sifirit a gabansa. A jikin ƙarfen da ke gefe akwai baƙin layi, ana murza wurin haɓa har kusurwar idonsa ta waje ta yi daidai da layin. In ba su yi daidai ba, za ka yi ta murza sandar tuƙi, wadda ake motsa na'urar da ita, har ta ƙure ba ka kai fatar ido ta sama ba. Goshi kuma dole ya manne. Hula da rawani su ne suka fi hana wannan, sai a ce, “Baba, a ɗan tura hular baya, goshin ya taɓa nan.” In hoto ya riƙa dushewa kana ta tura na'ura gaba, leƙo ka gani, galibi mutumin ne ya janye goshinsa saboda haske ya dame shi. Ƙaramin yaro ya fi daidai a tsaye. Ka ce wa majiyyaci ya kalli kunnenka da ke fuskantar idon da ba a dubawa.

Fara da idon dama, da haske mai faɗi kuma mai rauni, madubi na ƙara girma sau 10. Bi layin gashin ido na sama da na ƙasa. A ƙauyukan Kebbi da Zamfara, inda tirakoma, ciwon ido mai yaɗuwa da ke juya gashin ido ciki, ta daɗe, ba gashin da ya juya yana gogar ido kaɗai ake nema ba. Tsohuwa na iya zuwa ta riga ta tuge nata da matsefata, sai ka ga gurbi babu gashi, ko guntaye masu kaifi suna tsirowa. Wannan ma a lissafa shi da juyawar gashi. Ɗigon kwalli a bakin fatar ido yana kama da baƙon abu, a tambaya kafin a rubuta.

Sai juya fatar ido ta sama, matakin da aka fi tsallakewa idan layi ya yi tsawo. Ka ce ya kalli ƙasa kada ya rufe ido. Kama gashin tsakiya da yatsa biyu, ka ɗan ja ƙasa da waje, ka ɗora tsinken auduga a kan lanƙwasar fatar, kimanin santimita 1 daga bakinta, ka danna a hankali kana ɗaga gashin sama. In ta ƙi juyawa, ko dai ya ɗaga ido ne, ko ka ɗora tsinken kusa da baki ƙwarai, a kan guringuntsin da kake son juyawa. Abin da za ka gani a ciki ya cancanci wahalar. Ƙuraje farare ko ruwan ɗorawa guda 5 ko fiye, kowanne ya kai rabin milimita, shi ne ma'aunin tirakoma mai aiki a tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Fararen layuka tabon tsohon ciwo ne. Yaron da ke yawan sosa ido, farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, sau da yawa za ka samu manyan tsiro masu faɗin kai jere kamar daɓen tsakuwa, ko kumburi mai fararen ɗigo a iyakar fari da baƙi. Wannan borin jiki ne, ba tirakoma ba, kuma maganinsu daban. A nan ne kuma ƙaiƙayin shinkafa ko yashin hunturu ke maƙalewa. Sai dai in ana zaton wani abu ya huda ido, kamar tsinin dutse ga masu haƙar zinariya a yankin Anka, kada a juya fatar, kada a danna komai.

Koniya tana bukatar haske iri biyu. Da farko karkatar da fitila kusurwar digiri 45 ta wajen kunne, faɗin tsaga milimita 1 zuwa 2, girma 16. Share daga gefe zuwa tsakiya, sannan ka mayar da fitilar ɗaya ɓangaren ka ƙarasa. Yi haka sau uku: yana kallon gaba, yana kallon sama, yana kallon ƙasa ka ɗaga fatar. Duk inda ka ga wani abu, tsaya ka matse tsagar har ƙarshe, ka ƙara haske. Yanzu kana ganin yankan koniya, wadda kaurinta a tsakiya bai fi rabin milimita da kaɗan ba. Layin da ke kusa da fitila shi ne fuska, na nesa shi ne bayanta. Da wannan za ka san ɓurɓushin ƙarfen da ya faɗa idon mai walda a sama yake ko ya nutse, kuma ko ya bar zoben tsatsa.

Bambanta hakiya da gyambo mai rai shi ne babban aiki a nan. Hakiya, tsohon tabo, tana da iyaka tsaf, fuskarta santsi, ido kuma fari. Gyambo mai rai gefensa a dushe yake, koniyar da ke kewaye ta yi hazo, ido ja, ga zafi. Manomin Argungu ko Suru da ganyen shinkafa ya tsokane wa ido lokacin girbi, bayan kwanaki ya zo da farin tabo mai gefe kamar gashin tsuntsu da 'yan ƙananan tabo a kewaye, a yi zaton cutar naman gwari ce, a tura shi wurin likitan ido a ranar. Kafin ya tafi a auna gyambon: rage tsawon tsaga har ya yi daidai da shi, a karanta milimita a ma'aunin, a juya tsagar a kwance a sake. “Babban gyambo” ba ya gaya wa mai duba shi gobe komai, amma milimita 3 da 4 na gaya masa ko magani na ci.

Tsakanin koniya da ɓangaren ido mai launi akwai ɗaki cike da ruwa, zurfinsa kimanin milimita 3 a tsakiya. Ana ƙiyasta zurfin gefensa da hanyar Van Herick. Fitila a kusurwar digiri 60, tsaga mafi siranta, a ɗora ta daidai inda koniya ta fara a iyakar wajen kunne. Za ka ga hasken koniya, sai baƙin gibi, sai haske a kan ɓangare mai launi. Kwatanta gibin da kaurin koniyar. In ya kai kaurinta, hanyar ruwa a buɗe take. In rubu'i ne ko ƙasa da haka, kada a ɗiga maganin buɗe ido sai an duba kusurwar da ruwan ke fita ta cikinta da madubinta na musamman, don yana iya toshe ta, matsin ido ya hau farat ɗaya. Kuskuren da aka saba yi shi ne shigar da tsagar ciki da yawa, inda ɗakin ya fi zurfi, sai matsattsen ido ya fito kamar lafiyayye.

Neman ƙwayoyin kumburi a cikin ruwan nan yana son duhu da haƙuri. Kashe fitilar ɗaki, a ja labule, ka bari idonka ya saba. Mayar da hasken milimita 1 tsawo da 1 faɗi, ƙarfinsa har ƙarshe, girma 16 ko 25. Saita a kan koniya, ka ɗan tura gaba kaɗan ba tare da ka kai madubin cikin ido, wanda yanar ido ke kamawa, ba, baƙin ƙofar ido na bayan hasken. Lafiyayyen ruwa ba ya nuna komai. Mai kumburi kuwa kamar hasken rana ne da ya shigo ta hudar kwano ana shara, ƙura na yawo a cikinsa. Ana ƙirga su: 6 zuwa 15 mataki na 1, 16 zuwa 25 na 2, 26 zuwa 50 na 3, fiye da 50 na 4. Duba ƙasan ɗakin ma, can mugunya ko jini ke kwanciya.

Ɓangare mai launi a duba ko gefen ƙofarsa ya manne da madubin ciki, ko akwai siraran jijiyoyin jini sababbi, musamman ga mai ciwon sukari. In yana rawa idan ido ya motsa, ɗakin ya yi zurfi ainun, ƙofar ta yi baƙi wuluk, tambayi ko an taɓa kai shi wurin masu ture yana na gargajiya. Ba kowa ke faɗa da kansa ba. Yanar ido kuma iri-iri ce. Siririyar tsaga na nuna ta tsakiya, mai launin ɗorawa zuwa ruwan goro. Don ta gefe da ta baya, daidaita fitila da madubi a layi ɗaya, ka rage tsawon tsaga ta shige ta ƙofar ido, sai jan haske ya dawo daga ciki, yanar ta fito baƙa a kansa. Ta baya ita ce ke sa mutum ya ce da rana tsaka ba ya gani amma da yamma ya fi gani.

Rinin fuloresin, wanda ake sawa a ido don rauni ya fito kore, ya zo bayan an gama da ɗakin ruwa, domin yana iya ratsawa ciki ya yi kama da hazon kumburi. Takardarsa ta fi na kwalba aminci, don ruwan kwalba da aka buɗe ƙwayoyin cuta na saurin zama a cikinsa. Jiƙa bakinta da ɗigo ɗaya na ruwan gishirin asibiti, ka taɓa cikin fatar ido ta ƙasa, ba koniya ba, ka sa matatar haske mai launin shuɗi. Rini da yawa yana rufe abin da ake nema. Ya ƙifta sau ɗaya ya tsaya, ka ƙirga: in baƙin gurbi ya bayyana a koren hawayen kafin daƙiƙa 10, hawayen ba sa riƙe ido, abin da ke yawaita da hunturu. Ƙarce-ƙarce a tsaye na nufin akwai abu a ƙarƙashin fatar sama, koma ka juya ta. Gyambo mai rassa kamar reshen itace na ƙwayar cutar harfis ne, kuma ɗigon sitiroyid da ake saya a kemis yana iya faɗaɗa shi ƙwarai. In kuwa ka ga wani ruwa na ɓulɓulowa yana wanke rinin daga wuri ɗaya, ido ya huje: a rufe shi da garkuwa ba tare da dannawa ba, a tura shi Birnin Kebbi ko Gusau, duk wadda ta fi kusa, kada ya ci komai a hanya saboda tiyata.

Na'urar kanta ƙura da wutar lantarki ne ke kashe ta a nan. Haɗa ta da na'urar daidaita wuta, kada a bar ta a kunne lokacin da ake sauyawa zuwa janareto. Rage haske kafin kashewa. In ƙwan halojin ne, kada a taɓa gilashinsa da yatsa lokacin canji, maiƙon hannu na rage masa kwana. Madubi a fara hure masa ƙura da roba mai busa iska kafin a goge, in ba haka ba yashin ne zai karce shi. Lokacin afolo, bayan kowane jan ido a goge har sandar tuƙi da maɓallan da ka taɓa, ka wanke hannu kafin na gaba ya zauna. Idan an tashi, a kulle ƙafar da sukurunta, a lulluɓe ta da rigarta.