Yadda Ake Dirar Lema Ta Farko Don Tara Kuɗin Agaji a Ingila

Yawanci sabon shiga ba ya dira daga jirgin sama shi kaɗai. Ana ɗaure shi ne da ƙwararre ta baya, lema ɗaya. Ka yi rajista a cibiyar da ke ƙarƙashin British Skydiving, ƙungiyar da ke kula da dirar lema a Birtaniya, ka cike takardar lafiya. Mai ciwon zuciya, farfaɗiya ko hawan jini sai likita ya sa hannu. Shekara 16 ce mafi ƙaranci, kuma yawancin cibiyoyi suna da iyakar nauyi, kusan kilo 95 zuwa 100.

Wajen kuɗi, ka faɗa wa masu bayarwa tun farko ko daga gudummawarsu za a biya kuɗin dirar. Nan rigima take tasowa. In da hali, ka biya daga aljihunka.

Ran dira ka ci abinci kaɗan, kada ka je da yunwa, jiri zai kama ka. Jirgi yakan kai ƙafa 10,000 zuwa 15,000. Da an fita, ka ɗaga kai, ka turo ƙugu gaba, ka lanƙwasa ƙafafu baya. Wajen sauka kuwa ka ɗaga ƙafafu sama sosai. Wanda ya riga malaminsa taka ƙasa shi ke gurɗe idon sawu.

Gajimare ko iska mai ƙarfi kan sa a ɗage, don haka ka ware rana ta biyu.