Darasi: Abin da ke faruwa a cikin hanta idan ciwon hanta ya haɗu da sida

Hanta tana ɓangaren dama na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari, kuma a jikin baligi nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Ita ce take tace jinin da ya fito daga hanji, take adana sukari, take kuma samar da sinadaran da ke sa jini ya daskare idan mutum ya yanke. Hanta ba ta saurin nuna ciwo, shi ya sa mutum yakan yi shekaru yana noma da fatauci alhali tana lalacewa, ba za a farga ba sai idanu sun yi shawara ko ciki ya kumbura da ruwa.

An gina jikin mutum da ƙananan tantani waɗanda ido ba ya gani, kuma a cibiyar kowane tantani akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 da muka gada daga uwa da uba. Mu ɗauke su kamar littafi mai shafuka da yawa. Kowane tantani yana riƙe da littafin cikakke, amma tantanin hanta shafukan aikin hanta yake karantawa, sauran kuwa a rufe suke. Aikin ƙwayoyin gado shi ne wane shafi aka buɗe, wane aka rufe, da yawan karanta shi da ake yi. A nan ne ƙwayoyin cuta suke yin ɓarnarsu.

Ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda likitan Amurka Baruch Blumberg ya gano alamarta a cikin jini a 1965, takan kutsa har cibiyar tantanin hanta ta ajiye nata gadon a can, wani lokaci ma guntayensa su liƙe da gadon mutum. Tana kuma samar da wani sinadari mai suna HBx wanda ke buɗe shafukan da ya kamata su zauna a rufe. Saboda wannan maɓoya ne magani yake danne ta amma ba ya fitar da ita gaba ɗaya. Nau'in C, wanda aka gano a 1989, ba ya shiga cibiyar. Da zarar ya shigo, hanta takan buɗe ƙwayoyin gado na kare kai, shi kuma ya riƙa datse saƙon gargaɗin da tantani ke aikawa, sai a yi shekaru ana wannan faɗan, hanta tana kumburi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C. A Nijar nau'in B ya fi sida yaɗuwa nesa ba kusa ba.

Ƙwayar sida ba a tantanin hanta take zama ba, amma tana isa ga hanta ta hanyoyin da ya kamata mu fahimta da kyau. Tun a farkon kamuwa takan hallaka sojojin jiki da ake kira CD4, musamman waɗanda ke tsaron bangon hanji. Idan bangon ya raunana, guntayen ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji sukan silale su shiga jini, jinin hanji kuwa hanta yake fara zuwa. A can akwai tantani masu gadi da ake kira Kupffer, waɗanda da sun ji waɗannan guntaye sai su buɗe ƙwayoyin gado na kumburi, su riƙa fitar da wani sinadari mai suna TGF-beta. Shi ne yake tayar da wasu tantani masu siffar tauraro, waɗanda a lokacin lafiya aikinsu adana bitamin A ne. Idan aka tayar da su sai su koma saƙa kolajin, wato zaren da ke yin tabo, kuma fatar ƙwayar sida da kanta tana iya ƙara zuga su. A lokaci guda, raunin garkuwar jiki yana ba ƙwayar ciwon hanta damar hayayyafa. Shi ya sa hantar mai ɗauke da cututtukan biyu take saurin taurara fiye da ta mai ɗauke da ɗaya, kuma haɗarin sankarar hanta yake ƙaruwa.

Akwai wani abu a rumbunmu da ke ƙara wa wannan nauyi. Gyaɗa da masara da suka yi funfuna saboda danshi suna iya ɗaukar guba mai suna aflatoksin, wadda ke lalata ƙwayar gado TP53, mai hana tantanin da ya lalace ci gaba da yaɗuwa. Idan wannan guba ta haɗu da nau'in B, haɗarin sankara yakan ninka. Don haka a busar da amfanin gona sosai kafin a adana, a tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko kore a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Duk wanda aka samu da sida ya nemi a gwada jininsa don nau'in B da C, wanda aka samu da ciwon hanta shi ma ya yi gwajin sida, domin hanyoyin kamuwa kusan ɗaya ne: jini, saduwa, da haihuwa. Ana iya tambaya a likitar unguwa ko a babbar likitar jiha a nan Tawa. Biyu daga cikin magungunan da ke cikin ƙwayar da masu sida ke sha kullum, wato tenofobir da lamibudin, suna danne nau'in B ma. Nau'in C kuwa ana warkewa daga shi da magani na mako 12, kuma fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu sha suna warkewa.

A nan ne muke jan hankalin ƴan'uwanmu na Adar masu tafiya cin-rani Abijan ko Libiya. Idan magani ya ƙare a hanya aka daina sha, ƙwayar nau'in B da ke kwance a cibiyar tantani takan tashi da ƙarfi, hanta ta kumbura farat ɗaya, kuma hakan yana iya kisa. Mai niyyar tafiya ya sanar da ma'aikacin lafiya tun da wuri, ya nemi maganin da zai ishe shi da takardar da zai nuna a can. Haka kuma idan idanu suka yi shawara bayan fara magani, a koma likita, kada mutum ya tsayar da shi da kansa. Giya, da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba, da ƙwayoyin da ake talla a kan tire, duk hanta ce take ɗaukar nauyinsu.

Jaririn da ya kamu da nau'in B lokacin haihuwa, cikin goma kusan tara cutar takan zauna musu har girma, alhali a baligi ba kasafai take zama ba. Mai ciki ta yi gwaji a wurin awo, ta tambayi ungozoma allurar rigakafin da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, sannan a cika na mako 6 da 10 da 14. Ƙwayar nau'in B tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, saboda haka wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane mutum wajen aski da ƙaho da kaciya, haka ma mai yankan farce. Cin tuwo a kwano ɗaya da gaisawa da hannu ba sa yaɗa ko ɗaya daga cikin cututtukan nan, babu dalilin ware wa mara lafiya kwanonsa.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa tambayoyi biyu da zai yi wa ma'aikacin lafiya game da gwajin hanta, ya kuma duba katin rigakafin ƙaramin yaron gidansu ya ga ko alluran sun cika.