Kurakuran da aka fi yi a rigakafin murar dawaki

Babban kuskure shi ne mutum ya ɗauka kowace allura allura ce. Ƙwayar murar dawaki, H3N8, wadda aka fara ganowa a Mayami ta Amurka a 1963, tana sauya kama a hankali. Rassanta na baya-bayan nan biyu ne, Florida 1 da Florida 2, kuma tun 2010 masanan hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ke ba da shawarar a sa wakilin kowanne a cikin allura: irin Afirka ta Kudu ko Ohayo na 2003 domin reshe na ɗaya, irin Richmond na 2007 domin na biyu. Amma har yanzu akwai alluran da aka haɗa da tsofaffin nau'o'i, wasu ma da H7N7, wani nau'in ƙwayar daban wanda an yi shekaru sama da 40 ba a gan shi ba. Ka ce likitan dabbobi ya karanta maka takardar kwalbar kafin ya tsira wa dokinka. Idan tsohuwar ce kaɗai ake samu, a yi ta, ta fi babu, sai dai a matso da lokacin maimaitawa.

Sai masu yin allura ɗaya su naɗe hannu. Biyu ake fara yi, tsakaninsu mako 4 zuwa 6, ta uku bayan kamar wata 5 ko 6. Kafin ta ukun nan kariya kan yi rauni, kuma a nan ake yawan sakaci. Dokin folo ko na hawan salla, mai cuɗanya da baƙin dawaki, gara a maimaita masa duk wata 6.

Kwalbar da ta sha rana a bayan babur kuwa, a zubar.

Wani abin da ke damuna: doki mai rigakafi na iya ɗaukar ƙwayar ya yaɗa ta, ba tari ba majina. A Fabrairun 2019 sai da aka dakatar da tseren dawaki na kwana 6 a Birtaniya saboda dawakin da aka yi wa allura sun kamu. Don haka sabon doki a ɗaure shi nesa da barga, mako 2 zuwa 3, da bokitinsa daban.

Kada kuma a manta da jaki. Annobar da ta ɓulla a Sakkwato ƙarshen 2018, ta kuma addabi Nijar da Senegal a 2019, reshen Florida 1 ce, kuma jakuna ta fi kashewa, dubbai. Jakin da ke kawo ciyawa barga, numfashi ɗaya yake yi da ingarmanka.