Yadda za ka gabatar da aikin kamfaninka a SIGGRAPH ba tare da ka mayar da shi talla ba

Taron SIGGRAPH, wanda aka fara a 1974 a Boulder ta Amurka, shi ne babbar matattarar masu zane da kwamfuta: masu bincike daga jami'o'i, injiniyoyin wasannin bidiyo, da masu haɗa finafinan katun. Mutum ya biya kuɗin rajista da jirgi da masauki don ya ga yadda aka warware wata matsala, sai mai jawabi ya cinye rabin lokacinsa yana wasa kamfaninsu. Wannan cin haƙƙin masu sauraro ne. Idan kamfaninku zai tura ka, ga yadda za ka bi.

Mataki na farko, ka tantance zauren da ya dace da kayanka. Taron yana da filin baje koli, da zaman da kamfanoni ke biya su yi nasu bayani. A 2018 a Vancouver, kamfanin NVIDIA ya ƙaddamar da katunan RTX, masu sarrafa hoto a kwamfuta, a nasa dandalin, kowa kuma ya san abin da ya je kallo. Zauren takardun bincike da na darussa daban suke. Takardun sai masana sun tace su kafin a karɓa, kuma da yawansu suna fitowa a mujallar ACM Transactions on Graphics. In sanarwar sabon kaya ce a hannunka, kai ta fili.

Na biyu, zauna da shugabanninka da lauyoyin kamfani tun kafin ka rubuta komai. Ku yanke abin da za a iya bayyanawa. Idan amsarsu ita ce a nuna sakamako a ɓoye dabara, gara ka janye, domin jawabin fasaha da babu "ga yadda muka yi" a cikinsa talla ce kawai.

Na uku, faɗi sunanka da inda kake aiki a shafin farko, sau ɗaya, ka wuce zuwa matsalar. Dubi abin da Brent Burley na Disney ya yi a 2012. Ya yi bayanin yadda haske ke sauka a kan fata, ƙarfe ko yadi, ya gwada tsofaffin lissafai da ainihin ma'aunin kayayyaki na taskar cibiyar bincike ta MERL, ya nuna inda suka gaza, sannan ya ba da nasu lissafin a fili. A shekarar da ta biyo baya Brian Karis na Epic Games ya bayyana yadda suka rage masa nauyi don ya yi aiki cikin Unreal Engine 4, manhajarsu ta haɗa wasannin bidiyo. Ko a Blender, manhajar zane da ake samu kyauta, a kan wannan tsarin aka fara gina Principled BSDF, kayan aikinta na tsara saukar haske a kan abubuwa, a 2017, kuma har yanzu da sunan Disney ake kiran tsarin. A ganina babu bidiyon talla da zai iya saya wa kamfani irin wannan suna.

Na huɗu shi ne inda aka fi yin coge: alƙaluma. Kada ka ce "ya fi sauri ninki biyu" ka yi shiru. Ya fi wa? A kan wane kati? A wane girman hoto, 1080p ko 4K? Ba da lokaci da milisakan, domin wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana da kusan milisakan 16.7 ne kacal ga kowane hoto, kuma injiniyan da ke zaune a gabanka lissafi yake yi ko dabararka za ta shiga nasa kason. Ka gwada a kan sanannun zane-zanen gwaji da kowa zai iya saukewa, irin su akwatin Cornell, zomon Stanford ko harabar Sponza. In za ka kwatanta da aikin wasu, saita nasu da kyau yadda ka saita naka, ka kuma ambaci sunayensu.

Na biyar, ware shafi guda don inda dabarar ta faɗi. Nuna hoton da gashi ya yi dishi-dishi, ko inuwar da ke rawa idan kyamara ta juya da sauri. Sashen talla zai so a cire shi. Ka tsaya a kai, domin ƙwararru za su gano aibin da kansu ranar da suka gwada.

Sai tambayoyi. In an tambaye ka abin da aka hana ka faɗi, ce ba a ba ka izini ba, kar ka yi ta kewaye-kewaye. In an tambayi farashi ko ranar fitowa, ce a same ka bayan an tashi. Lambar rumfarku da sanarwar ɗaukar ma'aikata su tsaya a shafin ƙarshe, ƙasan adireshin da za a sauke bayanan jawabin da lissafinsa.