Yadda za ka hango galaksin Andromeda da idonka, ba sai da na'ura ba

Mutane da yawa sun ɗauka sai kana da irin manyan madubin hangen nesa na Turawa kafin ka ga wata galaksi, alhali akwai guda ɗaya da ido tsirara yake kamawa in dai ka san inda za ka duba. Sunanta Andromeda, masana kuma suna ce mata M31. Galaksi dai tarin taurari ne masu ɗimbin yawa da ƙura da iskar gas da suke juyawa tare, mu ma cikin guda muke, wato Milky Way, farin zanen nan da yake ratsa sama kamar an watsa gari idan dare ya yi duhu sosai.

Abu na farko lokaci. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba shi ne daidai a wajenmu, damina ta wanke sama, hazon hunturu kuma bai kankama ba, don in buji ya sauko to ka haƙura kawai, ko taurari masu haske da kyar za ka gani balle wannan. Ka zaɓi daren da babu farin wata, kuma ka fita daga cikin gari. A tsakiyar Kano ko Kaduna wahala za ka sha ko da an ɗauke wuta saboda fitilun sola da janareto, amma a ƙauye ko bakin gona abin ba wuya.

Da misalin ƙarfe 9 na dare ka fuskanci arewa. Za ka ga taurari biyar sun yi siffar harafin M, su ake kira Cassiopeia. Ƙololuwar M ɗin ta hannun hagu tana nuna sama kamar kan kibiya, sai ka miƙe hannunka ka dunƙule shi, ka auna dunƙule ɗaya da rabi daga wannan tauraron zuwa sama. Nan za ka ga wani ɗan dishi-dishi mai tsayi kamar hayaƙi, ita ce Andromeda. In ka rikice ka sauke manhajar Stellarium a waya ta nuna maka, amma da ka gano wurin ka kashe wayar, domin ido yana buƙatar kamar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe, kuma leƙa WhatsApp sau ɗaya ya isa ya mayar da kai farko. In dole sai ka haska, ɗaura jar leda a bakin tocila. Wata dabara kuma, kar ka zuba mata ido kai tsaye, ka kalli ɗan gefenta, gefen ido ya fi kama haske mai rauni.

Kar ka sa ran ganin irin hotunan intanet masu launi, gaskiya ɗan tabo ne kawai. Abdurrahman al-Sufi, masanin taurari ɗan ƙasar Farisa, ya rubuta labarinta a shekarar 964 ya kira ta ƙaramin gajimare, kuma haka aka yi ta ɗaukarta har sai da masanin taurari Edwin Hubble ya auna nisanta a tsakanin 1923 da 1924 a dutsen Wilson na Amurka, aka gane ashe ba a cikin tamu galaksin take ba sam. Hasken da ya shiga idonka ya yi wajen shekara miliyan 2.5 yana tafiya, kenan ba Andromeda ta yau kake kallo ba, ta wancan zamanin ce.

To daga nan ne za ka fahimci yadda galaksi suke girma. Ba a girme suka fara ba, ƙanana ne suke haɗuwa, babba ta haɗiye ƙarama kamar yadda birni yake cinye ƙauyukan gefensa har su koma unguwanni. In ka samu ko ƙaramin madubin hangen nesa mai kyau za ka iya ganin M32 da M110, ƙananan galaksi biyu da suke raɓe da ita. Masu siffar faifai da hannuwa a murɗe irin tamu da Andromeda suna da gas, har yanzu suna haifar sabbin taurari, su kuwa masu siffar ƙwai yawanci tsofaffin taurari ne jajaye a ciki, kuma da yawansu daga karon manyan galaksi suka samu. Andromeda ma tahowa take wajenmu da gudun kusan kilomita 110 a daƙiƙa ɗaya, masana suna ganin mai yiwuwa ta haɗe da tamu galaksin nan da biliyoyin shekaru, don haka ba abin hana barci ba ne.

Sannan galaksi ba a warwatse suke kamar an yi yafin iri ba. Mu da Andromeda da wasu ƙanana fiye da 50 gungu ɗaya muke, can gaba akwai gungun Virgo mai galaksi sama da 1,000, nisan kamar shekarar haske miliyan 54, wato tafiyar da haske yake yi a shekara miliyan 54. In ka haɗa duka sai ya zama kamar kumfar sabulu a baho, galaksi suna jere a jikin fatar kumfar, tsakiya kuma fili ne fetal kusan babu komai.

Ka tafi da tabarma ka kwanta rigingine, wuya yana gajiya in kana tsaye, kuma kar ka manta rigar sanyi da maganin sauro.