Kafin ka miƙa riƙon ɗanka a kotu

Na daɗe ina zama da iyaye kafin su shiga gaban alƙali, kuma duk wanda ya ce mini ya kasa, a karɓi yaron, tambaya ɗaya nake fara yi masa: riƙo za ka miƙa, ko haƙƙinka na uba za ka sallama gaba ɗaya? Yawanci sai a yi shiru. Wanda ya ba kaka ko inna riƙo yana nan a matsayin uba, gobe yana iya komawa kotu ya nemi ɗansa. Wanda ya sallama haƙƙi kuwa, da zarar alƙali ya sa hannu, da wuya a warware.

Ka fara da kotun da ke da hurumin shari'ar iyali, ka shigar da buƙatarka a rubuce, da takardar haihuwar yaron. Yarjejeniyar da kuka rubuta tsakaninku a gida ba ta ɗaure alƙali. Dole a sanar da ɗaya mahaifin, ko da kun yi shekara biyar ba kwa gaisawa.

Abin da kotu ke aunawa shi ne maslahar yaron. Haka sashe na 3 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tanada, sashe na 12 kuma ya ce a ji ta bakin yaron idan ya yi wayo. Saboda haka ka zo da amsa: wa zai riƙe shi, ina zai kwana, wace makaranta? Idan ciyarwa kake gudu, ka huta da wahalar zuwa. A yawancin dokoki nauyinta na kanka har sai wani ya ɗauki yaron a matsayin ɗansa a hukumance.

Yardarka ma sai an bincika ta. Ba tilas, ba kuɗi a ƙarƙashi. Yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ta shafi ɗaukar yara riƙo daga wata ƙasa zuwa wata, ba ta karɓar yardar uwa sai bayan haihuwa, a Ingila kuma sai jariri ya cika mako 6. Ina ganin hikimar wannan, don mai jego da ba ta yi barci ba tana iya faɗin abin da za ta yi nadamarsa.

Kada ka ajiye yaro ka tafi, laifi ne. Dokar miƙa jariri a asibiti ba tare da tuhuma ba, wadda jihar Texas ta Amurka ta fara a 1999, ta jarirai ce sababbin haihuwa kawai.

Wata uwa ta taɓa riƙe hannuna a bakin ƙofar kotu, katin rigakafin ɗanta a ninke cikin tafinta, ta ce, "Yaya, za a bar ni in riƙa ganinsa?" Na mayar da ita ciki, muka roƙi a rubuta ranakun ziyara a cikin hukuncin kansa, har da wanda zai kawo shi da inda za a haɗu.