Shawara ga mai shirin tafiya daga Maradi

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga mai niyyar zuwa Yamai, ni dai shawarata ya shiga babbar bas ta kamfani, ya bar ƙananan motocin tasha. Tafiyar ta haura kilomita 600, ta Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Bas tana da lokacin tashi, galibi da asuba, kuma kujerarka taka ce. Ka yanki tikiti tun jajibiri, ka ajiye katin ɗan ƙasa a aljihun gaba saboda shingayen jami'an tsaro.

Ƙaramar mota ta fi araha, amma sai ta cika take tashi. Na taɓa zama a tasha tun hantsi har azahar, buhun gero a kan ƙafata, ana jiran mutum biyu. Wallahi na ji jiki. Ita ta tafiyar kusa ce, irin su Tibiri ko Madarunfa.

Cikin garin Maradi kuwa, kabu-kabu ya fi sauri in kai kaɗai ne. In da iyali ko kaya, a nemi adaidaita. Don Allah a yi ciniki kafin a hau, a kuma tanadi canji.